Juyi Biyu a Daƙiƙa

Litinin, 3 ga Maris, 1924. Ƙarfe shida da rabi na safe.

Na ɗaure igiyar takalmina da kaina. Yaya Eudora ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona har na gama, kamar mai kallon ɗan dabo. Abin da ya faru jiya a bakin famfon kicin ba wani abu ba ne. Kofi ya suɓuce ya fashe, kofuna kuwa sun saba fashewa tun zamanin Romawa. Ta ce minti goma na yi a zaune a ƙasa, na ce biyar. Ta ce na yi mata magana ba ta gane ba. Na ce shekara hamsin da ɗaya ke nan ina yi mata magana ba ta ganewa, me ya sa sai jiya abin ya dame ta?

Ba ta yi dariya ba.

Litinin, ƙarfe bakwai na yamma.

Mun fara sabon fim, sunansa Laima Ɗaya. Wata yarinya ce mai sayar da huluna, da ɗan attajiri wanda ya yi shigar mai raba madara don ya gani ko za a so shi ba don dukiyar ubansa ba. Na taɓa ɗaukar wannan labari sau huɗu da sunaye daban-daban, kuma kowane karo an so shi. Darakta shi ne Mista Lyman Prewitt, mutum gajere mai dogon bututun magana. Opal Carmody ce yarinyar, Dexter Vail ne mai madarar. Haƙoransa sun fi madarar fari.

Ni dai aikina bai canja ba. Na juya hulata baya, na kafa ido, na kama mariƙin kyamara. Juyi biyu a kowace daƙiƙa, ba ƙari ba ragi. In ka rage, mutane su fito a majigi suna tsalle kamar kajin da aka watsa wa tsaba. In ka ƙara, su yi ta iyo kamar a cikin zuma. Shekara goma sha huɗu ina wannan. Kafin nan na yi shekara goma sha ɗaya ina koyar da Latin a Ohio, kuma har yau ba wanda ya taɓa tsayar da ni a titin Hollywood ya nemi in fassara masa komai.

Hannuna na dama ya yi aikinsa. Ya ɗan yi nauyi bayan azahar. Ba wani abu ba ne.

Alhamis, 6 ga Maris. Ƙarfe ɗaya na rana.

Mun shiga ɗakin majigi kallon abin da aka ɗauka jiya. Wurin da Dexter ya durƙusa yana miƙa wa Opal hular da iska ta kwashe. Ya fara lafiya lau. Can tsakiya sai hoton ya yi haske, Dexter ya miƙe zumbur, ya sumbaci hannunta kamar zakara na tsattsagar gero, ya koma ya durƙusa. Masu fitila suka kwashe da dariya a baya.

Prewitt ya juyo. "Tasker, wannan kuma na mene ne?"

"Gwaji ne, Oga."

"Gwaji? Ka bar wa masu haɗa magani gwaji. Ni soyayya na ce ka ɗauko mini, ba farfaɗiya ba."

Sai aka sa na Floyd Renner. Floyd shi ne mai kyamara ta biyu, wadda ke tsaye a gefen tawa tana ɗaukar kwafin da ake aika wa ƙasashen waje. Nasa ya tafi sumul daga farko har ƙarshe. Wato mutanen Faris za su ga masoya, mutanen Ohio za su ga kaji. Floyd ya yi ta duban farcensa.

Juma'a, 7 ga Maris. Ƙarfe shida na yamma.

Na auna da agogo. Minti ɗaya da rabi yana tafiya daidai. Daga nan sai ya zama kamar hannun wani ne aka ara mini, mai shi kuma yana son abinsa.

Asabar, 8 ga Maris. Da hantsi.

Yaya ta karɓo mini rana a wurin likita, Talata. Na ce Talata muna ɗaukar shagon huluna.

Litinin, 10 ga Maris. Ƙarfe bakwai da rabi na yamma.

Yau Prewitt ya matso kusa da ni yana nuna mini wani abu a takarda, na lura hancinsa ne ke karatun, ba idonsa ba. Ni yake shinshinawa. Da ya gama sai ya dafa ni ya ce, "Tasker, ka san ni ba fasto ba ne. Amma ka bari sai an tashi."

Na buɗe baki zan ce ban sa giya a bakina ba tun bikin wani ɗan'uwanmu a Dayton, sai na rufe. A wannan gari, tun da gwamnati ta haramta giya, ba laifin da ake yafewa da sauri kamar shanta. Mashayi a ce masa ya je gida ya yi barci ya dawo gobe. Marar lafiya a ce masa ya je gida ya huta, a aika masa da furanni, a ba wani kyamararsa. Na ga an yi wa mutum biyu haka, furannin ma ba masu kyau ba.

Saboda haka na sunkuyar da kai na ce, "Zan rage, Oga."

Wani tsohon masanin Girka ya ce mutum ya san kansa. Bai ce ya sanar da darakta ba.

Talata, 11 ga Maris. Ƙarfe shida na safe.

Na sayi 'yar kwalbar giya a wurin mai gadin ƙofar baya. Na ɗiga kaɗan a kwalar rigata. Yaya ta shinshina ta ce, "Orrin, yanzu kuma haukar da ta rage ke nan?" Ba ta ƙara ambaton likita ba, ta dai ajiye mini ƙwai da ƙarfi har gwaiduwar ta fashe.

Laraba, 12 ga Maris. Ƙarfe ɗaya da rabi na rana.

An kama ni, kuma ba wanda nake tsoro ne ya kama ni ba.

Misis Hulda Brandvold ita ce mai kaɗa mana ƙaramin ogan irin na coci, mai feda, a gefen dandali, don 'yan wasa su sami yanayin da ake so. In ana son Opal ta yi kuka, Misis Brandvold ce ke matso hawayen. Gwauruwa ce, 'yar Minnesota, doguwa, tana zuwa da abincinta a cikin gwangwani. Shekara uku muna aiki tare, maganarmu ba ta wuce ta yanayin gari ba, gari kuwa a nan kullum iri ɗaya ne.

Ina zaune a kan akwatin fim ina cin burodi da cuku da hagu, ta zo ta tsaya a kaina.

"Mista Tasker, mijina ya sha giya shekara ashirin kafin ta shanye shi. Mashayi a baki yake wari, ba a kwala ba."

Na ce wataƙila ni sabon shiga ne, ban iya ba tukuna.

"Ni ba 'yan wasa nake kallo ba in ina kiɗa, na gaji da su. Hannunka nake kallo, da shi nake riƙe lokaci tun da na zo kamfanin nan. Mako guda ke nan agogona yana latti."

Na ajiye burodin. Ta ɗauki gwangwaninta ta ce, "Ci abincinka. Ban ga komai ba."

Laraba, ƙarfe shida na yamma.

Bayan azahar, da Prewitt ya ce a fara, na ji wani sabon abu a ƙarƙashin kiɗan. Tana taka fedar da ƙarfi har katakon na bugawa. Ƙwas, ƙwas. Ƙwas, ƙwas. Biyu a daƙiƙa. Na dama ya ji, ya bi, kamar dokin keken madara da ya ji muryar mai shi. Mun yi minti biyu cur bai yi gardama ba.

Ban dube ta ba. Ita ma ba ta dube ni ba. Mun yi ta rashin duban juna har aka tashi.

Juma'a, 14 ga Maris. Ƙarfe bakwai na yamma.

Abin da aka ɗauka jiya da shekaranjiya ya fito tsaf. Prewitt ya ce, "Ka ga amfanin ruwan sanyi, Tasker?" Na ce na gani.

Sai dai an sami matsala ta wani gefen. Yau Opal za ta yi kuka a bayan kanta, bayan ta gano mai madararta ƙarya yake yi. Ta tsaya, ta matse fuska, ta jira. Ba hawaye. Ta buga ƙafa.

"Misis Brandvold, don Allah! Zuciyata ake so ta karye, ke kuma kina mini faretin soja!"

"'Yata, zuciya ma da ƙidaya take bugawa. Ki yi kukanki."

"Ba zan iya ba! Ji nake kamar in sara wa tuta!"

Dexter ya ce a kawo albasa. Opal ta ce a kawo masa madubi, shi ne kaɗai abin da ke sa shi kuka don daɗi. Daga ƙarshe an yi sulhu: hannun Misis Brandvold ya yi wa Opal baƙin ciki, ƙafarta ta yi mini lissafi. Ban san yadda mutum ɗaya ke raba kansa haka ba. Opal ta yi kuka mai kyau, mai tsari, biyu a daƙiƙa.

Lahadi, 16 ga Maris. Bayan coci.

Ba wani abu ba ne. Cokali ne kawai ya suɓuce.

Litinin, 17 ga Maris. Ƙarfe bakwai na yamma.

Prewitt ya tara mu ya faɗi abin da ya kwana yana mafarki. Ƙarshen fim ɗin: tashar taragon titi, ruwan sama, laima ɗaya, su biyu. Ta ƙi shi, ya bi ta, laimar ta juye, su shirya. Kuma yana so a ɗauke shi a tashi ɗaya, ba yanka, minti uku. Za a kawo tiyo huɗu irin na 'yan kwana-kwana ranar Juma'a. Ɗauka ɗaya za a yi, don hulunan Opal da gashinta ba sa jiƙuwa sau biyu a rana.

"Minti uku, Tasker. Za ka iya?"

Na ce na taɓa sauraren jawabinsa na minti arba'in ban faɗi ba.

Minti uku. Mafi tsawon da muka yi, ni da ƙafar Misis Brandvold, biyu da kwata ne.

Talata, 18 ga Maris. Ƙarfe shida na safe.

Ina atisaye da injin niƙa kofi na Yaya, agogo a gabana. Ta ce kofin da na niƙa zai kai mu Kirsimeti, in ban daina ba za ta fara raba wa maƙwabta. Na gwada da hagu. Hagu mutumin kirki ne, amma bai yi makaranta ba, mariƙin kyamara kuma a dama aka dasa shi.

Biyu da rabi. Da ƙyar.

Laraba, 19 ga Maris. Ƙarfe biyar da rabi na yamma.

Floyd ya tare ni muna naɗe ƙafafun kyamara. Na daɗe ina ɗaukarsa mutum mai jiran gawata, saboda yawan shirunsa.

"Dattijo," in ji shi, "ranar Juma'a tawa za ta yi ta juyawa a gefenka. Gwangwanayen fim duk kamarsu ɗaya. In aka yi kuskure wajen manna suna, wa zai sani?"

Na tambaye shi me yake nufi, alhali na sani.

"Ba na nufin komai. Ni dai na ce gwangwani gwangwani ne."

Na gode masa, na ce a'a. Wanda za a kalla a Ohio nawa ne, ko kaji ne ko mutane. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ka dai daina zuba abin nan a rigarka. Asara ce, mai kyau ce."

Ashe rabin dandalin nan sun san ba na sha. Ni kaɗai na ɗauka ni ɗan wasa ne.

Alhamis, 20 ga Maris. Da yamma.

Ta bar mini rabin kek ɗin tuffa a kan akwatin fim. Ba takarda, ba magana. Gishiri ya ɗan yi yawa. Na cinye.

Juma'a, 21 ga Maris. Ƙarfe takwas na yamma.

Zan rubuta shi a jere, don kada gobe in gyara shi.

An kafa tashar a filin baya. An ajiye ogan a ƙarƙashin rumfa, taku goma daga inda nake. Mun gwada ba ruwa, na ji ƙwas-ƙwas ɗina sarai. Prewitt ya ɗaga bututunsa. "Ruwa! Kyamara!"

Duk cikinmu, masu ilimi da marasa shi, ba wanda ya tuna cewa tiyo huɗu a kan rufin kwano suna da murya. Ƙarar ta cinye komai. Ina hango ƙafarta da gefen ido tana hawa tana sauka, amma ko ɗigon sauti bai iso ni ba. Na ce wa kaina, to, Orrin, ƙidaya. Ɗaya-biyu, ɗaya-biyu. Opal ta juya wa Dexter baya. Minti ɗaya. Ya bi ta da laima. Ɗaya da rabi. Sai na ji nauyin nan ya taso daga gwiwar hannu, a hankali, da ladabi, kamar baƙon da ya san hanyar gida.

Ban iya ɗaga ido daga kyamara ba. Na dai ji an dafa kafaɗata ta dama, yatsu biyu, suka fara bugawa. Biyu a daƙiƙa. Ta bar ogan ɗinta, ta ratso ta cikin ruwa a gaban mutum arba'in, ta tsaya a bayana tana kaɗa ni.

Na dama ya bi.

Opal kuwa, da ta rasa kiɗa, ta tsaya tsuru. Sai laimar ta juye, Dexter ya matso da fuskar masoyi, ya kama hannunta, bakinsa na motsi. Fim ɗin ba ya magana, don haka a allo za a rubuta cewa ya ce ba zai iya rayuwa ba sai da ita. Ni da nake kusa na karanta leɓensa: "Opal, ruwa ya cika mini wando, ki yafe mini mu tafi." Ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta faɗa ƙirjinsa tana yin duka biyun. Ban taɓa ganin ta yi abu mai kyau haka ba.

"Yanka!"

Aka kashe ruwa. Minti uku da daƙiƙa goma. Kowa yana kallonmu, hannunta har yanzu a kafaɗata, hularta na ɗiga. Prewitt ya sauke bututunsa a hankali.

"Misis Brandvold, kamfani ya ɗauke ki ki kaɗa ogan ne, ba Tasker ba."

Wani cikin masu fitila ya yi fito. Aka bushe da dariya. Ta janye hannunta, ta koma rumfarta a miƙe, ta rufe ogan.

Asabar, 22 ga Maris. Ƙarfe ɗaya na rana.

Hoton ya fito lafiya daga farko har ƙarshe. Prewitt ya sa an maimaita shi sau uku, ya share ido ya ce hayaƙin sigari ne.

Ya kamata in yi murna. Amma a bakin ɗakin majigi na ji masu fitila suna yi da ita. "Gwauruwa ta binne mashayi ɗaya, ta fito neman na biyu." Mai kula da tufafi ta ce ai ta daɗe da lura. Misis Brandvold ta wuce ta tsakiyarsu da gwangwaninta, kunnuwanta ja wur. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, kalmar kuwa tawa ce, shi ya sa ta riƙe.

Yanzu ina da mafaka biyu, giya da soyayya, duk ba wanda ake kora saboda su. Ta farkon da kwalar rigata na biya. Ta biyun da sunan wata ake biya.

Lahadi, 23 ga Maris. Da la'asar.

Na zauna a ƙarƙashin bishiyar lemo da littafi. Shafi ɗaya na karanta, sau shida.

Litinin, 24 ga Maris. Ƙarfe goma sha biyu na rana.

Na faɗa masa. Ba a ofis ba, a dandali, da ƙarfi yadda masu fitila za su ji daga sama. Na ce ba na sha, rabona da ita shekaru ne, hannuna ne, tun farkon wata, kuma abin da Misis Brandvold ta yi ranar Juma'a shi ya ceci fim ɗinsa, duk mai wata magana ya sauko ya faɗa mini. Ba wanda ya sauko.

Prewitt ya daɗe yana tauna sigarinsa.

"Wato mako uku kana yi mini ƙarya."

"Biyu da rabi, Oga. Rabin farko kaina nake yi wa."

"Ka ban kunya, Tasker. Na riga na gaya wa matata na shiryar da mashayi." Ya tofar da ganyen taba. "Hannu ko a bakin ƙofa zan samu, guda goma kafin azahar. Wa ya ce a sa fitila a bayan ruwan nan don ɗigon ya fito?"

Na ce ni ne.

"To. Floyd zai juya. Kai ka tsaya ka gaya masa inda zai duba da inda haske zai faɗi, har mu gama wannan. Na gaba kuma sai na yi faɗa da manyan kamfani, ban yi maka alkawari ba. Ka cire hular nan ko ka juya ta gaba, ka zama mutum."

Na miƙa wa Floyd mariƙin. Ya karɓa da hannu biyu, bai dube ni ba, na gode masa da hakan.

Talata, 25 ga Maris. Ƙarfe huɗu na yamma.

Mun je, ni da Yaya. Likitan matashi ne da gemun aro. Ya ƙwanƙwasa ni ko'ina kamar mai sayen kankana, sannan ya faɗi wata doguwar kalma ta Girkanci. Na gyara masa lafazinta. Ya ce in rage kofi, in rage gishiri, in yi tafiya da ƙafa, kuma mutane da yawa suna daɗewa bayan irin wannan in sun ji magana. Yaya ta ce, "To shi ke nan, mun shiga uku." Amma a tarago ta riƙe mini hannu har gida, na daman, kuma na ji riƙon sarai.

Alhamis, 27 ga Maris. Ƙarfe shida na yamma.

Kwana uku ina tsaye hannu a aljihu. Yau Dexter ya faɗa cikin kwandon huluna, na ji wani yana ƙyalƙyala dariya, ashe ni ne. Shekara goma sha huɗu ina ƙidaya, ban taɓa sanin abin da muke yi yana da ban dariya ba.

Da aka tashi na je na tsaya kusa da ogan ina duban katakonsa kamar mai niyyar saye. Na fara wani jawabi da na shirya tun Litinin, mai gabatarwa da rassa uku. Ta bar ni na kai tsakiyar reshe na farko.

"Mista Tasker, Lahadi ina dafa kaza. Ƙarfe ɗaya. Ka zo da yayarka in kana jin tsoro."

Na ce zan duba in gani ko ina da sarari.

Juma'a, 28 ga Maris. Ƙarfe bakwai na safe.

Na kai baƙar kwat ɗina wurin mai guga. Ban gaya wa Yaya ba.